Shekara guda da Immich a kan sabar gida: hotunan iyali sun dawo, ni kuma na zama maigadinsu

Ba son fasaha ne ya jefa ni cikin wannan harka ba. Wayar uwargida ce ta fara ƙorafin wurin ajiya ya cika, daga nan saƙon imel ya daina shigo mata. Google na ba kowane mai asusu GB 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk daga tukunya ɗaya suke ci, kuma tun 1 ga Yunin 2021 duk sabon hoton da ka ɗora ana lissafa shi a cikin wannan kason. Mu muka cika namu da hannunmu: bidiyon kamu da na yinin biki, sunan yara uku, hawan Sallah na shekara da shekaru. Zaɓi biyu ne a gabanmu, ko mu riƙa biyan kuɗin ƙarin wuri duk wata har illa masha Allahu, ko mu zauna mu yi ta gogewa. Uwargida ta ce ko hoto ɗaya ba za a taɓa mata ba. Sai na ɗauki hanya ta uku, wadda ta fi duka biyun wahala: in ajiye hotunan a kan kwamfutar kaina a gida, wato sabar, da wata manhaja mai suna Immich.

Na sayi ƙaramar kwamfuta ta hannu a Beirut Road da ke Kano, Lenovo ThinkCentre irin wadda suke kira Tiny. Faɗinta bai wuce na littafin makaranta ba, ofisoshin ƙasashen waje ne ke sallamar irinsu idan sun yi sabon zubi. Tana da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta Core i5 mai harafin T a ƙarshen lambarsa, wato wanda aka rage wa cin wuta, da RAM na GB 8 wanda daga baya na mayar 16. Na sa mata SSD, wato ma'aji mai sauri, don manhajoji, da rumbun ajiya na TB 2 don hotuna. Idan tana zaune ba aikin komai, wutar da take ja ba ta wuce wat 10 da ɗan wani abu. A lissafi wat 240 ke nan na awa a yini guda, ƙasa da abin da fankar sama ke sha a dare ɗaya. Wannan lissafin ne ya sa na yarda solar gidanmu za ta iya ɗaukarta.

A kanta na ɗora tsarin tafiyar da kwamfuta na Ubuntu Server 24.04, wanda ba shi da allo mai hotuna, sai baƙin fili da rubutu. Na sa Docker, wanda ke killace kowace manhaja a nata akurkin don kada ta taɓa 'yar'uwarta. Sannan Immich.

Ga wanda bai san ta ba, Immich manhaja ce ta ajiye hotuna da bidiyo wadda kake girkawa a kan na'urarka. Wani injiniya mai suna Alex Tran ne ya fara ta a 2022, lambobin da aka rubuta ta da su a buɗe suke ga kowa, kuma a 2024 masu aikinta suka koma ƙarƙashin FUTO, wata ƙungiyar Amurka mai tallafa wa irin waɗannan manhajoji, suna yin ta a matsayin cikakken aiki. Akwai manhajarta ta Android da ta iPhone. Da zarar wayarka ta shiga wayafai na gida, sai ta tura sabbin hotuna zuwa sabar da kanta. Fuskarta kuwa kamar an tsaga kara da Google Photos. Wannan kamannin shi ne babban abin da ya cece ni, domin ban koya wa uwargida komai ba. Ta buɗe, ta ja yatsa ƙasa, ta ga shekaru na wucewa a gefe, ta ce, "To ai shi ne dai."

Girkawar ba ta ɗauke ni awa guda ba. Kwaso tsofaffin hotunan ne ya cinye mini mako biyu. Google na da hanyar da za ka sauke duk kayanka, Takeout, amma fayilolin manya ne, kuma a farkon 2025 ne aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Da tsakar dare na riƙa saukewa, kaɗan-kaɗan. Sannan kwanan wata da wurin da aka ɗauki hoto sukan zo a wani ɗan fayil dabam kusa da hoton. Idan ka kwashi hotunan kawai ka zuba, sai ka tarar da bikin 2016 ya koma jiya. Haka na yi a karon farko, don gaggawa. Akwai ƙaramar manhaja, immich-go, da aka yi musamman don haɗa kowane hoto da bayaninsa. Na goge komai na sake da ita, suka jeru daidai. Waɗanda ba su da magani su ne hotunan da aka turo ta WhatsApp, domin yana matse hoto ya cire bayanan da kyamara ta rubuta a ciki. Kusan rabin hotunan dangi ta nan suka zo mana, don haka har yau akwai tarin da nake gyara wa kwanan wata da hannu idan na samu sarari.

Inda manhajar ta burge ni shi ne gane fuska. Kwana biyu injin ya yi yana huci, fanka na kuka, yana bin hotuna sama da dubu talatin ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama sai ga fuskoki a jere, kowa da tarin nasa, saura kawai ka rubuta suna. Duk wannan a cikin akwatin da ke kan kabad ɗin falo ya faru, ko hoto ɗaya bai fita waje ba. Ya haɗa babbar 'yarmu tun tana zanin goyo har ta shiga firamare. Yakan rikice da 'yan'uwa mata masu kama idan sun sha kwalliyar biki da ɗauri iri ɗaya, ya mayar da mutum biyu ɗaya, ko ya raba mutum ɗaya gida uku, amma haɗewa da rabawa ba wuya. Ranar da na nuna wa Hajiya, na danna fuskar marigayi mahaifinmu, hotunansa suka fito har da waɗanda ba mu san muna da su ba, inda yake can baya a taron wasu. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Kai, wannan na ɗaurin auren kawunka ne, ina ka samo shi?" Na ce, "Hajiya, a wayar Yaya yake tun tuni, ba wanda ya lura."

Akwai kuma bincike da kalma. Ka rubuta abin da kake nema, rago ko mota ko ruwan sama, ya zaƙulo hotunan da abin yake ciki ko da ba ka taɓa sa musu suna ba. Tsarin da yake zuwa da shi Turanci yake ji, don haka da Turanci nake rubutawa. Yana gane doki da rawani, amma kada ka sa ran zai bambance maka alkyabba da babbar riga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Cikin gida komai lafiya, amma da ka taka ƙofar gida sabar ta ɓace maka. Yawancin bayanan da za ka karanta a intanet za su ce ka buɗe ƙofa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ka nuna mata adireshin gidanka na intanet. Waɗanda suka rubuta haka suna da intanet na waya mai shiga gida da adireshin kansu. Mu da ke amfani da rauta mai layin waya, adireshi ɗaya muke rabawa da ɗimbin mutane, tsarin da ake kira CGNAT, saboda adireshin IPv4 na duniya gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne kuma sun daɗe da ƙarewa. Ba ka da ƙofar da za ka buɗe, gidan haya ne mai zaure ɗaya. Na ɓata kwana uku kafin na fahimci haka. Wata manhaja, Tailscale, ce ta fitar da ni. Kana sa ta a sabar da kuma kowace waya, sai su riƙa ganin juna kamar suna ɗaki ɗaya ko da kana Abuja. Tsarinta na kyauta ya ishe mu. Wani alherin kuma, tunda ban buɗe komai ga duniya ba, masu laluben sabar mutane ba sa ganin tawa. Illarta ɗaya, dole wanda zai kalli hotunan ya kunna ta a wayarsa. Ƙanena da ke Kaduna ya kira ni ya fi sau biyar: "Yaya, abin nan naka ya mutu." Kowane karo bai kunna ba ne. Sannan saurin kallo daga waje ya dogara da ƙarfin turawar layin gida, wanda kullum bai kai na saukewa ba. Hoto na buɗewa nan take, bidiyon biki mai minti goma kuwa sai ka yi haƙuri.

Wuta ita ce ta koya mini hankali. Da farko a soket ɗin bango na jona ta kai tsaye, ina cewa ai idan an ɗauke za ta tashi in an kawo. Akwai ma saiti a BIOS, wato tsarin da ke tada kwamfuta, da ke sa ta kunna kanta da wuta ta dawo, na kunna shi ina jin ni gwani ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne Immich na ajiye duk bayananta, sunayen fuskoki da albam da wa ke da wane hoto, a rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma yanke wa kowace kwamfuta wuta tana tsakiyar rubutu caca ce. Na ci sau da yawa, ranar nan na faɗi. Wata safiya a watan Afrilu manhajar ta ƙi tashi. Hotunan suna nan lafiya a rumbu, amma sunayen da na kwana uku ina rubutawa suna cikin abin da ya lalace. Immich na yin kwafin rumbun bayananta da kanta kowace rana, tana riƙe 14 na ƙarshe, sai dai lokacin da aka sa mata tun asali ƙarfe 2 na dare ne, lokacin da gidanmu ya fi zama cikin duhu. Kwafi na ƙarshe da na samu na kwana tara baya ne. Da shi na farfaɗo da ita, na sake aikin kwana taran. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Yanzu tana kan layin inbata, ita da rauta, kuma na mayar da lokacin kwafin ƙarfe 1 na rana, sa'ar da rana ke dukan faranti.

Zafi da ƙura su ma sai an yi da su. A bazara, lokacin da Kano ke haura digiri 40, fankar ba ta hutawa, dole na sauke ta daga saman kabad zuwa inda iska ke ratsawa. Bayan hunturu na buɗe ta, ƙurar da na tarar a ciki ta isa a shuka gero. Yanzu duk wata biyu nake bi da buroshin fenti.

Batun sabuntawa ya yi sauƙi a kan da. Lokacin da na fara, su kansu masu manhajar sun rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro a shafinsu cewa ana kan gina ta, abubuwa na iya canzawa, kada kowa ya mai da ita wurin ajiyarsa tilo. Wanda ya sabunta bai karanta bayanin sabon zubi ba, shi ya jiyo. A Oktoban 2025 suka fitar da zubi na 2.0, wanda suka kira tsayayye, kuma tun daga nan ban gamu da abin da ya tsayar da ni ba. Duk da haka ba na sabuntawa ranar da abu ya fito. Nakan bari a yi mako, kuma ba na yi daren Juma'a ko jajiberin Sallah, lokacin da kowa zai zo neman hoto.

Da sabar ta zauna, kwaɗayi ya shiga. Na ƙara Jellyfin don karatuttukan malamai da bidiyon yara da muka tara, ana kallo a talabijin ba a taɓa data ba, kuma wannan ya karɓu a gidan fiye da zatona. Na sa Pi-hole mai tare tallace-tallace ga duk wayar da ke kan wayafai. Yana rage su sosai a shafukan labarai, amma ba ya iya tare na YouTube, tunda daga inda bidiyon ke fitowa tallan ke fitowa. Na gwada Nextcloud don takardu, manhaja ce babba mai iya abubuwa da yawa, sai na ga takardun gidanmu ba su kai a yi musu wannan ɗawainiya ba, na cire.

Shin an yi arha? Idan aka haɗa kuɗin kwamfuta da rumbu biyu da ƙarin RAM, zai biya kuɗin wurin ajiya na haya na shekaru. Wanda hotunansa ba su wuce GB 100 ba, kuma ba shi da sola ko inbata, gaskiya ya biya kuɗin wata ya yi barcinsa. Ribar tana fitowa ne idan kuna da yawa kuma bidiyo ya yi yawa. Mu shida ne a kan tamu yanzu, kowa da asusunsa, ba mai ganin na wani sai abin da aka raba da gangan. Sai dai a san wannan: mai riƙe da sabar, idan ya ga dama, zai iya buɗe rumbun ya ga fayilolin kowa. Na faɗa wa kowa haka kafin ya shiga, kuma ƙanwata ɗaya ta ce a bar ta inda take. Ban ga laifinta ba.

Na ce rumbu biyu. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Rumbun da ke cikin sabar zai mutu wata rana, ba a dai san ranar ba. Don haka duk ƙarshen wata nake jona na biyu, in kwafe hotuna da rumbun bayanai, in kai shi gidan Hajiya a ajiye a cikin akwatinta. Sau biyu na gwada dawo da komai daga cikinsa a kan wata kwamfutar, don in tabbatar ba iska nake ajiyewa ba. A cikin akwatin akwai ambulan mai ɗauke da kalmomin sirri da bayanin yadda za a ciro hotunan ko ba na nan, da Hausa, mataki-mataki. Uwargida ce ta sa na rubuta shi, ranar da ta tambaye ni wa zai iya buɗe wannan abin in ba ni ba, na rasa amsar da zan ba ta.