Aikin kafa babbar na'urar sanyi a ɗakin taronmu na Kano: abin da ya gamsar da ni da abin da ya rage

Ina kula da wani ɗakin taro a Kano wanda ake haya don biki da walima, kuma a watan Maris da ya wuce muka sayi babbar na'urar sanyaya wuri mai ƙarfin tan 10 (tan a nan awon ƙarfin sanyaya ne, ba nauyi ba), domin mu riga zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Kamfanoni uku suka ba mu farashin kafawa, muka zaɓi wanda ya fi tsada, saboda shi kaɗai ne ya rubuta mana matakan da zai bi kafin a kunna injin da ke zama a waje, wanda ke ɗauke da kwamfuresa (injin da ke matsa gas ɗin sanyi) da fanka.

Ranar farko sun ɗora injin a kan dakalin siminti a saman bene, suka sa roba a ƙarƙashinsa don rage girgiza, suka kuma bar tazara tsakaninsa da bango yadda iska mai zafi ba za ta dawo masa ba. Wajen waldar bututun jan ƙarfe na fara ganin bambancinsu da masu gyaran da na saba gani, domin suna walda suna zura iskar naitirojin a cikin bututun, kuma injiniyan ya nuna mini cewa in ba a yi haka ba, baƙin ɓawo yana fitowa a ciki, daga baya ya toshe hanyar gas. Da suka gama, sai suka cika bututun da naitirojin, suka rubuta adadin da ma'auni ya nuna, suka bar shi ya kwana don a tabbatar babu inda yake yoyo.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tsotse iska da danshi. Na'urarmu tana amfani da gas ɗin R-410A, wanda matsinsa ya fi na tsohon R-22, kuma man da ke cikin kwamfuresarsa yana shan danshi da sauri. Sun bar injin tsotsa yana aiki har ma'auni ya sauka ƙasa da maikiron 500 (maikiron awon ɗan matsin iskar da ya rage a cikin bututu ne), sannan suka rufe bawul suka jira su ga ko adadin zai tashi. A nan haƙurina ya kusa ƙarewa, don akwai walima a gabanmu, na ce wa injiniyan ya kunna kawai. Ya amsa mini cikin ladabi: "Alhaji, a yi mana uzuri, sai na'urar ɗumama man kwamfuresa ta yi awa 24 da wuta, in ba haka ba ruwan gas da ya gauraya da mai zai iya lalata ta tun tashin farko." Raina bai so ba a ranar, amma da na duba littafin da ya zo da injin, na tarar haka aka rubuta.

Gwajin wuta ne ya biya mini kuɗina. Injin yana aiki da wuta mai layi uku, kuma irin kwamfuresarsa gefe ɗaya kawai aka yi ta ta juya. Idan layukan suka sauya, sai ta juya da baya, ta yi ƙara, ba ta ba da sanyi, kuma tana iya ƙonewa. Sun gwada wutar gari suka same ta daidai, sannan suka nemi a tayar da janareta, inda aka gano cewa layuka biyu a juye suke tun daga wurin sauya wuta. Shekaru muna amfani da janaretan nan ba mu sani ba, domin fitilu da ƙananan na'urori ba su damu da hakan ba. Sun gyara, suka ƙara na'urar da ke yanke wuta idan layi ɗaya ya faɗi. Gas ɗin da suka ƙara saboda tsawon bututunmu a kan sikeli suka auna shi, suka zuba shi a matsayin ruwa, kamar yadda ake yi wa R-410A.

Sai dai ba komai ne ya tafi daidai ba. Bututun da ke fitar da ruwa daga injin ciki ba su ba shi gangare sosai ba, kuma cikin mako guda ruwa ya ɓata mana silin a kusurwa ɗaya. Sun zo sun gyara ba tare da karɓar kuɗi ba, amma fentin mu muka biya. Soson da suka naɗe bututun saman bene da shi ma sun bar shi tsirara a rana, sai da na yi magana suka rufe shi. Takardar da ke ɗauke da adadin matsi da wutar da injin ya ja a ranar kunnawa kuwa, sai da na kira sau uku kafin ta iso, alhali da ita duk mai gyara na gaba zai kwatanta.

Zan sake kiransu, kuma na riga na sa hannu su riƙa zuwa wanke ragar injin waje duk wata a lokacin hunturu, saboda ƙurar da ke toshe ta. Wanda zai ba su aiki ya ware musu kwana huɗu, ya kuma tsaya a kan bututun ruwa da kansa kafin a rufe silin.