Manhajojin fassara a labarin dambe: sun san duka, ba su san kaye ba

Manhajojin fassara na kyauta da ke cikin waya da burauza suna da amfani ga mai son sanin wa ya yi nasara a damben boksin, a wane gari, da maki nawa. Sunaye da alƙaluma sukan fito daidai, gajeruwar jimla ma ba laifi. Amma da an zo kan yadda wasan ya ƙare sai su riƙa cakuɗa abubuwa uku da dokar dambe ta raba, su zuba su duka cikin "ya doke shi" ko "ya buge shi".

Na farko shi ne kaye. Idan naushi ya sa wani ɓangaren jikin ɗan dambe, ban da tafin ƙafa, ya taɓa ƙasa, ko igiyar fili ce kaɗai ta riƙe shi, an kayar da shi. Alƙalin wasa zai tura abokin karawarsa kusurwar da ba ta kowa ba, ya fara ƙirge. Ko ya miƙe da wuri, yawanci sai an ƙirga takwas kafin a ci gaba, kuma masu ba da maki sukan rubuta turmin, wato zagayen wasan, 10-8, goma ga wanda ya yi kayen, takwas ga wanda ya faɗi. Wasa bai ƙare ba. A Disambar 2018 Deontay Wilder ya kai Tyson Fury ƙasa sau biyu, a turmi na 9 da na 12, Fury ya tashi, aka yi kunnen doki. Manhajar da ta ce an "doke" Fury a turmi na 12 ta juya labarin ke nan.

Na biyu shi ne KO, wato aka ƙirga goma bai tashi ba, kamar yadda Muhammad Ali ya yi wa George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa, 1974. A nan manhajoji na son kalmar "sumar da shi", kuma ba kullum take gaskiya ba. Naushin haɓa yakan girgiza ƙwaƙwalwa har mutum ya faɗi sumamme. Naushin hanta kuwa ba ya ɗauke hankali, ƙafafu yake kashewa. Ryan Garcia ya durƙusa a turmi na 7 a karawarsa da Gervonta Davis a 2023, idonsa biyu yana jin ƙirge, ya kasa miƙewa. KO ne, amma babu suma.

Na uku, TKO, shi ya fi shan wahala a hannun na'ura, domin takan fassara harafin farkon, wato T na kalmar Turanci "technical", da "fasaha", sai a ga "bugun fasaha", abin da babu mai kallon dambe da ke faɗa. Ma'anarsa kawai an tsayar da wasa: alƙalin wasa ya ga mutum ba ya iya kare kansa, ko likita ya duba tsagar gira ya ce a bari, ko masu horarwa sun jefa tawul. Andy Ruiz ya kayar da Anthony Joshua sau huɗu a New York a Yunin 2019, Joshua yana tsaye da ƙafafunsa lokacin da aka tsayar da wasan a turmi na 7. Joe Frazier ma ba a kai shi ƙasa ba a Manila a 1975. Mai horar da shi, Eddie Futch, ne ya hana shi fitowa bayan turmi na 14.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kalmomin ba. "Kayar da" da "kai ƙasa" na kaye ne. "Sheme" da "shimfiɗe" na wanda ya kwanta warwas. "Zube" na wanda gwiwoyinsa suka saki ya sulale. "Dukan kwaf ɗaya" da 'yan jarida ke amfani da shi ya dace da naushi guda da ya gama zance, bai dace da wanda aka yi ta jibga har turmi goma ba. "Lilis" da "jina-jina" da "dukan kawo wuƙa" suna nuna tsananin duka ne kurum, mutum na iya shansu ya kuma kai ƙarshen wasa a tsaye. Da wuya a ga manhaja ta zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan a muhallinta.

Daga Hausa zuwa wani harshe lamarin ya fi muni. A bakin 'yan damben gargajiya "kisa" na nufin kaye, "turmi" kuma zagayen wasa, don haka "ya kashe shi a turmin farko" na iya fita a matsayin kisan kai cikin turmin daka. "Kada" ma tarko ce: ta kayarwa, ta hani da ta dabbar ruwa duk rubutunsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ke raba su, kuma rubutu ba ya nuna su. In an bar ƙugiyar "kaɗa" ta zama ta huɗu.

Dalilin bai da nisa. Na'ura tana koyo ne daga jimlolin da aka riga aka fassara, rubutun dambe da Hausa kuwa kaɗan ne, sai ta ɗauko ma'anar da ta fi yawa. Shi ya sa kalmar KO ɗin a labarin ƙwallo, inda ake nufin zagayen sili ɗaya ƙwale, takan fito da siffar naushi.

Mai son ya yi aiki da ita ya liƙa sakin layi guda maimakon kanun labari kaɗai, domin kanu ba ya ba ta mahalli. Ya duba asalin rubutun ya nemo KO, TKO, RTD (janyewa tsakanin turmi) ko UD, SD da MD, waɗanda su ukun hukunci ne da maki. Idan daga Hausa yake fassarawa, ya rubuta "kayar da" a maimakon "kada", ya sa ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ, ya kuma sake duba "ya" da "ta", don a damben mata takan mayar da 'yar dambe namiji a tsakiyar jimla.