Gargaɗi: macucin da ya cinye mana rupiya miliyan 18 da sunan kai mu ganin birin orangutan

Jama'a, musamman 'yan'uwa ɗalibai da ke Malesiya masu niyyar tsallakawa tsibirin Sumatara na Indonesiya lokacin hutu, akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Instagram da WhatsApp yana kiran kansa jagoran daji a ƙauyen Bukit Lawang. Rupiya miliyan 18 ya karɓe mana. Miliyan 18, kuɗin mutum shida, kuma ni na tara, ni na tura da hannuna. Har yanzu na kasa haɗa ido da sauran biyar ɗin.

Ga yadda ya lissafa: tafiyar kwana uku a daji, kwana biyu ana kwana a ciki, rupiya 2,400,000 kowane mutum, ya kama 14,400,000. Mota daga filin jirgin Kualanamu zuwa ƙauyen da dawowa, 1,600,000. Masauki a bakin kogi, 2,000,000. Duka 18,000,000. Kada kowa ya ce min kwaɗayin araha ne ya ja mu. Na tambayi wurare uku kafin shi, farashinsa bai yi ƙasa da nasu ba ta yadda mutum zai tsargu. Na yi masa tambayoyin da duk wanda ya san harkar zai yi, ya amsa daidai. Ya san ana tashi wajen ƙarfe tara na safe, a ƙetare gadar da ke kan kogin Bohorok, a ratsa gonakin roba kafin a isa iyakar gandun Gunung Leuser. Ya san ana tafiyar awa shida zuwa bakwai a rana, hawa da gangara a ƙasa mai santsi, ana riƙe saiwoyin itatuwa. Ya ce mu zo da doguwar safa mu cusa ƙafar wando a ciki saboda matsattsaku, da tocila, da rigar ruwa, da leda mai kauri ta saka fasfo da waya don ranar dawowa, tunda a kan robobin cikin taya da aka ɗaure wuri ɗaya ake biyo kogi a dawo. Duk gaskiya ne. To wa zai ce mai wannan bayani bai taɓa jagorantar kowa ba?

Abin da ya kwantar min da hankali kiran bidiyo ne. Ina ta maimaita shi a raina. Yana tsaye, ruwa na gudu a bayansa, ya yi min cikakkiyar sallama, muna cikin magana aka kira salla a kusa da shi, ya ɗaga hannu ya ce in yi haƙuri zai je masallaci, zai kira bayan ya idar. Kuma ya kira. A daren na tura miliyan 6 na kafin alƙalami. Minti huɗu ne kiran, na duba. Minti huɗu da kiran salla, shi ke nan na saki jiki.

A Kualanamu muka yi awa uku a tsaye, ba mota, wayarsa a kashe. Kafin nan, kwana biyar kafin tafiya, shi ne ya dawo da zancen cewa takardun izinin shiga gandu sun kusa ƙarewa, dole a biya ragowar miliyan 12 a ranar ko mu rasa gurbi. A nan ya kamata in tsaya. Jagora shi ke sayen takardar izini, kuɗinta na cikin kuɗin tafiya, ba abin da ke sa a nemi cikon kuɗi gaba ɗaya tun mutum bai taka ƙasar ba. Kuma asusun da ya ba ni karo na biyu sunan wata mata ne, ya ce matarsa ce. Na farkon ma ba sunansa ba ne. Miliyan 6, sannan miliyan 12, asusu biyu, suna biyu, babu nasa ko ɗaya.

Mun ɗauki wata motar da kuɗinmu, awa huɗu a hanya ta cikin gonakin kwakwar manja, muka isa da dare. Masaukin da ya ce ya kama mana ba su san da zuwanmu ba. Da safe muka je ofishin ƙungiyar jagorori ta HPI, wadda kowane jagora na gaskiya ke riƙe da katinta. Na nuna hoton katin da ya turo min. Mutumin da ke zaune ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya nuna min inda babban yatsa ya rufe lambar katin, ya ce fuskar ba ta mai sunan ba ce. Katin wani bawan Allah ne aka liƙa wa hoto. Na duba katin nan ya fi sau goma kafin in tura kuɗi, ban kawo komai a kan yatsan ba, na ɗauka riƙo ne kawai.

Da na koma kan hirar, alƙawuran da ya yi su kansu sun isa su tona shi. Ya ce tabbas ɗari bisa ɗari za mu ga orangutan, har mu ba shi ayaba mu ɗauki hoto da ɗansa a hannu. Jagoran kirki ba ya faɗin haka. Dabbar daji ce, tana yawo a saman itatuwa neman 'ya'yan itace, kowane dare tana yin sabuwar sheƙa da rassa. Gaskiya ne a Bukit Lawang an fi saurin ganinsu, domin tun 1973 aka buɗe cibiyar mayar da waɗanda aka ƙwato daga hannun mutane zuwa daji, wasu daga cikinsu da 'ya'yansu sun saba da ganin ɗan Adam. Amma doka ita ce a tsaya nesa, kamar mita goma, ba taɓawa, ba ciyarwa, mai mura kuma ya haƙura da shiga, saboda cutar mutum na kama su, kuma birin da ya saba da karɓar abinci yakan tare hanya ya fizge jaka ko ya yi cizo. Har damisar Sumatara ya sa mana a jerin abin da za mu gani. Tana cikin Leuser, i, ita da giwa da karkanda, amma akwai jagororin da suka shekara da shekaru a dajin ba su taɓa yin ido biyu da ita ba. Abin da ake gani su ne birai masu tukku da ake kira Thomas, da birai masu dogon wutsiya, da manyan tsuntsaye dangin cilakowa, da asuba kuma a ji kukan biran gibbon.

Ƙarshenta tafiyar yini ɗaya muka iya biya da abin da ya rage a aljihu, bayan duk wahalar bizar da muka sha, don mai fasfon Najeriya ba a filin jirgi ake buga masa ba, sai ya nema tun kafin ya taso. Miliyan 18 ta tafi a banza. Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Hotunan hirar, rasit biyu na banki, da hoton katin duk suna hannuna, zan sa su da zarar na rufe sunan mai katin na asali. Shafinsa na Instagram ya riga ya canza suna sau ɗaya, hotunan dai su ne.

Mai niyyar zuwa: ka kira masaukin da kanka ka tabbatar sun san jagoran, ka nemi lambar kati a buɗe, kada ka tura wa asusun da ba sunansa ba, cikon kuɗi kuma sai kun haɗu ido da ido a ƙauyen.