Akwatin fenti mai kala 24 ko bututu shida?

Ga masu zane da fentin mai da ke tambayata inda nake sayen kaya, akwai wani ɗan shago a Sabon Gari, Kano, kuma shi nake nufa duk sanda na shigo daga ƙauyenmu na wajen Birnin Kudu. Shagon matsattse ne, zafi kamar gidan burodi, amma dattijon da ke ciki ya san kayansa.

Abin da ya fi tallatawa wani akwati ne mai kala 24, mai sauƙin kuɗi. Ƙanena ya saya, na gwada, kuma ban ba kowa shawarar sa ba. Bututun ƙanana ne, kana matsawa mai ne ke fara tsiyayowa kafin fentin. Farin fentin da ke cikinsa ɗaya tak ne, alhali fari shi ke fara ƙarewa a hannun kowane mai zane. Akwai kore har kala uku, duk masu ƙyalli, babu wanda ya yi kama da ganyen dawa ko na kuka. Har da wani ruwan hoda wai na fatar mutum. Fatar wa? Ba dai ta mutanen Jigawa ba.

Da na yi ƙorafi sai Baba ya ce, "To ɗana, ɗauki ɗai-ɗai mana." Ya sauko min da na Winton, na kamfanin Winsor & Newton. Na zaɓi shida: farin titaniyam babban bututu, yellow ochre (rawaya mai kama da ƙasa), burnt sienna (jar ƙasa), burnt umber (ruwan ƙasa mai duhu), ultramarine (shuɗi), da ja guda ɗaya.

Ochre, sienna da umber duk launin ƙasa ne, kuma garinmu ai ƙasa ce. Katangar jar ƙasa, rumbu, turɓayar hanya, karan gero bayan girbi, duk a cikinsu suke. Ochre da ɗan fari da ɗigon shuɗi na ba ni hazon hunturu daidai. Ochre da ultramarine kuwa su ne koren damina mai nutsuwa. Fuskar mutum nakan fara ta da umber da sienna, inuwa in ƙara shuɗi, inda rana ta doki goshi in sa ochre. Baƙi ban saya ba sam, don umber da ultramarine in sun haɗu suna ba da baƙi mai rai, wanda ba ya kashe hoto. Kada a raina kala kaɗan: Anders Zorn na Suwidin, wanda ya rasu a 1920, an san shi da zana mutane da kala huɗu kacal.

A duba lambar sinadarin kala da ke jikin bututu kafin a biya. PB29 shi ne ultramarine, PW6 farin titaniyam. Na cikin akwatin can ba su da lamba ko ɗaya.

Umber na bushewa da wuri, farin kuwa sai ya kwana da yawa yana danƙo, don haka da iskar hunturu a juya hoton ya fuskanci bango, in ba haka ba ƙura ta gama da shi.

Inda shagon ya gaza: burushinsa na zubar da gashi, man linsid na haɗa fenti kuma ba kullum ake samu ba. Wanda zai taso daga nesa ya fara bugo waya, kada ya yi asarar kuɗin mota.