Mali Magic: Littattafan Timbuktu da Suka Tsira Daga Wuta

Shafin Mali Magic, wanda Google Arts & Culture ya buɗe a watan Maris na 2022, ya tattara shafuka fiye da 40,000 na tsofaffin littattafan Timbuktu da aka rubuta da hannu, kuma kowa yana iya dubawa kyauta ta waya ko kwamfuta. A ganina aiki ne da ya cancanci yabo, musamman idan aka tuna irin haɗarin da takardun suka tsallake.

A 2012 ne masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin Mali, suka haramta kiɗa, suka rushe hubbaren waliyyai, sannan a Janairun 2013, da suka ga za a kore su, suka cinna wa dubban littattafai wuta a Cibiyar Ahmed Baba, wadda ke adana tsofaffin littattafai a Timbuktu. Allah ya sa tun kafin nan Abdel Kader Haidara, wani mai kula da ɗakin karatu a Timbuktu, da iyalan da suka gaji ɗakunan karatu sun soma zuba littattafai cikin akwatunan ƙarfe, ana sulalewa da su a mota da kwalekwale har zuwa Bamako.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake iya jawo hoton shafi kusa, har mutum ya ga baƙin tawada da jan wasali, da sharhin da wani malami ya cusa a gefe da ƙananan haruffa. Duk wanda ya yi karatun allo zai gane salon nan take, domin fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, kamar yadda alarammominmu suke rubutawa. Cikin littattafan akwai fiƙihu da ilimin taurari da magani da waƙa. An kuma tanadi hotunan zagaya masallacin Djenné da kabarin Askiya na Gao, da waƙoƙin da mawaƙiyar Mali Fatoumata Diawara ta rera domin wannan aiki. Hotunan suna da nauyi, saboda haka gara mai dubawa ya nemi wurin da intanet ke da ƙarfi.

Kamfanin ya yi nasa, amma babbar godiyata tana ga direbobi da masu kwalekwale da matasan da suka raka akwatunan ta shingayen bincike, suna sane da cewa idan aka kama su ransu ne a kai. Allah ya saka musu da alheri. Ina kira ga malaman makarantun Islamiyya da na boko su buɗe wa ɗalibansu shafin a aji.