Sharhi Kan Wasu Darussan Sauraro Game da Hadaya a Addinin Kirista

An shirya waɗannan darussa, waɗanda ake saurara ta manhajar waya, domin mai karatun Littafi Mai Tsarki da ke son ya bi sawun hadaya tun daga bagaden Tsohon Alkawari har zuwa gicciye. Armashinsu yana kashin farko, inda malamin ya tsaya a kan Littafin Firistoci, sura ta 1 zuwa ta 7, wurin da masu karatu da yawa kan ƙosa su tsallake. Ya rarrabe hadayu biyar, wato ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi, ya kuma nuna cewa ba dukansu ne na neman gafara ba, domin ta ƙonawa akan ƙone ta ƙurmus, alhali mai miƙa ta salama yana cin rabonsa na naman. Yadda ya bayyana mutum yana ɗora hannu a kan dabbarsa, ya yanka ta da kansa kafin firist ya yayyafa jinin a jikin bagade, ya sa abin ya zauna a zuciya.

Wannan shimfiɗa ce ta sa bayanin Ranar Kafara, wato ranar neman gafarar zunuban Isra'ilawa ta shekara-shekara, da bunsuranta biyu ya haɗu sarai da Ibraniyawa 10, inda firistoci ke tsaye kullum suna maimaita hadaya, Almasihu kuwa ya miƙa kansa sau ɗaya tak, sannan ya zauna.

Da aka zo kan ibada sai darussan suka yi rauni. Saɓanin da ke tsakanin Katolika da Furotesta a kan Jibin Ubangiji ba ƙarami ba ne: Martin Luther, jagoran Furotesta, ya ƙi ɗaukar Misa, wato ibadar Jibin Ubangiji ta Katolika, a matsayin hadaya tun a 1520, Majalisar Trent ta shugabannin Cocin Katolika kuma ta tabbatar a 1562 cewa hadaya ce ta haƙiƙa. Malamin ya bi ta kan wannan a gurguje, ya kuma karkata gefe guda ba tare da ya kawo hujjar ɗaya ɓangaren ba, wanda a ganina bai dace da mai koyarwa ba. Ita ma hadaya mai rai ta Romawa 12:1 ambatonta kawai ya yi.

Muryar tana fita tangaram, amma ba a rubuta ayoyin a fuskar wayar ba, don haka wajibi ne mai sauraro ya ajiye alƙalami da Littafi Mai Tsarki kusa da shi.