Sharhina kan gyaran banɗaki a Kubwa: kayan Dei-Dei, leburanci daban, kuɗi suka ragu

Banɗakin Hajiyarmu muka gyara a Kubwa, tsohon gini ne, bangon da ke jingine da ɗakinta ya fara tsatsafo da danshi har fenti na kumbura yana zubowa, ga kuma ciwon gwiwa da ya sa masan tsuguno ya fara gagararta. Yanzu an gama, an yi amfani da shi har damina ɗaya ta wuce a kansa, shi ya sa nake ganin na isa in faɗi ra'ayina kan tsarin da muka bi da kayan da muka saya. A taƙaice dai na gamsu, amma ba kowa zan ba shawarar ya bi wannan hanyar ba.

Hanya biyu ce dama. Ko ka ba mutum kwangila dungurungum ya sayo komai ya yi komai ya miƙo maka makulli, ko kuma ka sayi kayanka da kanka ka biya kuɗin aiki kawai. Wanda ya fara zuwa duba wajen na farkon ya so, ya rubuto mana takarda mai layi huɗu kacal, tayil kaza, aikin famfo kaza, siminti da yashi kaza, kuɗin aiki kaza. Na ce masa Oga wane irin tayil ne, na ina, katan nawa? Sai ya ce "Yallaɓai ai ka bar min komai, mai kyau zan sa." To ni dai kalmar "mai kyau" ba ta da farashi a wajena. Ba wai na ce macuci ba ne, amma takardar da babu adadi babu sunan kaya ba ka da abin da za ka riƙe mutum da shi gobe. Muka sallame shi cikin mutunci, muka nemi filamba daban mai tayil daban, kowa kuɗin hannunsa.

Farashi ba zan jera ba, dan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a Yuni, kayan gini ba sa kwana biyu a waje ɗaya, ku tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura dubu goma. Abin da ba ya canjawa shi ne lissafin awo, kuma nan ne kuɗin mutane ke zurarewa ba su sani ba.

Banɗakin namu mita 1.8 ne a 2.4. Ƙasa kenan sikwaya mita 4.3. Bango in ka zagaya mita 8.4 ne. Mai tayil ya so a kai shi har silin, wato mita 3, wai ya fi kyau a hoto. In aka yi haka, bayan an cire ƙofa da taga, ana neman sikwaya 23 da ɗoriya. Mu muka tsaya daidai tsayin ƙofa, mita 2.1, ya dawo ƙasa da 16. Tayil ɗin bango mai santimita 30 a 60 muka ɗauka, katan ɗinsa guda takwas ne a ciki, yana rufe sikwaya 1.44, an rubuta a jikin kwalin. Da ƙarin kashi goma na yanka da fashewa katan 12 muka saya maimakon 18. Katan shida fa, ga simintin da za su ci, ga kuɗin aiki tunda shi ma da sikwaya ake biyansa. Saman kuma aka yi filasta mai kyau aka shafa fentin mai, ruwan wanka ba ya kaiwa can, kuma wallahi babu baƙon da ya taɓa ɗaga kai ya ce ina sauran tayil.

Kasuwar Dei-Dei kuwa kowa ya san ita ce uwar kayan gini a Abuja, kuma daga Kubwa ba nisa. Sai dai kana ajiye mota yaran kamasho za su yi maka caa, "Alhaji me kake nema, zo shagonmu ne," alhali yawancinsu ba su da ko kusa a shagon, nasu suke ɗorawa a sama. Ban ga laifinsu ba, neman abinci ne, amma ni ba da kuɗin Hajiya ba. Ka shiga da ƙafarka ka tambayi shago uku huɗu kafin ka ciro ko sisi, kuma ka tambayi farashin sikwaya ba na katan ba, dan katan ɗin wani bai kai na wani ba.

Tayil na gida muka saya. Akwai masana'antu a ƙasar nan yanzu, irin ta Ajakuta a jihar Kogi da waɗanda ke jihar Ogun, kuma tsakaninsu da na Sifen ko Italiya tazarar kuɗi ba kaɗan ba ce. Ra'ayina bayan amfani: na bango babu abin da zan kushe, sheƙinsa na nan, bai tsage ba, sabulu da soso ya isa. Inda za ka ga bambanci shi ne gefensa, wasu ba su miƙe sak ba, in ka haɗa guda biyu fuska da fuska sai ka ga ɗan haske a tsakiya. Mai tayil ɗinmu ya ware irin waɗannan ya kai su bayan ƙofa da wajen yanka. In kana son layi siriri kamar na otal to sai dai ka ƙara kuɗi, mu kuwa layin milimita uku da farin siminti ya yi mana.

Abu ɗaya da zan roƙi kowa, ka duba lambar launi a jikin kowane katan kafin a loda. Suna ɗaya, zane ɗaya, amma in gashin ba ɗaya ba ne sai ka ga wani ya fi wani duhu, a shago ba za ka lura ba sai an manna an kunna fitila. Mu sai da yaron shagon ya cuso mana katan biyu masu wata lamba daban, mai tayil ne ya gani tun a ƙofar shago, ya ce "Maigida a sauke waɗannan." Aka canja ba gardama. Da sun iso gida labari ya sha bamban, dan a nan kasuwar kaya in sun fita sun fita.

Na ƙasa kam ban yi rowa ba. Mai kaushi muka ɗauka, 30 a 30, ba mai santsi ba. Masu shago za su nuna maka 60 a 60 mai ƙyalli su ce shi ake yayi, eh a falo. A banɗaki ƙarami babban tayil ba ya yarda a karkata shi zuwa magudana sai an yayyanka shi, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa da kumfar sabulu a kan santsi, Allah ya kiyaye, kuɗin asibitin ƙashi ya ninka na tayil sau nawa. Na zuba masa ruwa a nan shagon na taka da silifas kafin na biya, mai shagon yana ta dariya.

To yanzu ga inda nake ganin asalin maganar take. Duk abin da za a binne cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa kar ka rage masa ko kwabo, abin da ido ke gani kuma hannu ke iya kwancewa shi ne wajen tsimi. Da aka fasa bangon, tsohon fayif ɗin ƙarfe ne a ciki, tsatsa ta cinye shi ta wajen gwiwa, shi ke ta tsiyaya shekara da shekaru. Filamba ya ɗauko guntun ya nuna min, cikinsa ya toshe saura 'yar kafa da ƙyar tsinken tsintsiya zai wuce, shi ya sa ma shawar ba ta da ƙarfi muna ta zagin tanki. Aka cire shi gaba ɗaya aka sa PPR, wannan koren da ake haɗawa da injin zafi, yana ɗaukar ruwan zafi kuma ba ya tsatsa. Ya fi fayif ɗin roba na gam tsada, amma duka-duka tsayi nawa banɗaki ɗaya zai ci? Kuma kafin a rufe da siminti na sa aka toshe bakunan aka saki ruwa daga tanki ya kwana a ciki, da safe muka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Filamban bai so ba dan yana sauri ya tafi wani aiki a Gwarimpa, na ce masa Malam ka yi haƙuri cikon kuɗinka ma sai an yi wannan. Haka ƙasan, an zuba maganin hana yoyo cikin kwaɓin siminti, aka toshe magudana aka tara ruwa ya kwana biyu, muka leƙa bangon ɗakin Hajiya babu danshi, sannan aka fara manna tayil.

Abu na biyu da ya rage mana kashe kuɗi sosai, ba mu matsar da komai ba. Ƙanwata ta so a mai da masai ɗaya kusurwar a sa gilashin shawa irin wanda take gani a Instagram. Matsar da masai na nufin fasa daɓe, sabon fayif mai inci huɗu, sabon gangare har zuwa cemba, wato ramin da bututun ke zubawa a waje, watakila ma a taɓa hanyar sokawe. Ga shi kuma wanda ya gina gidan tun farko ya saita shi ba ya fuskantar alƙibla ba ya ba ta baya, Hajiya ta ce kar wanda ya taɓa mata wannan. Shi kenan magana ta mutu. Inda ramin yake nan aka ɗora masai na zama. A nan ma a kula, akwai wanda bututunsa ke sauka ƙasa akwai mai fita ta bango, ka auna daga bango zuwa tsakiyar ramin kafin ka je kasuwa, in ba haka ba ka sayo abin da ba zai zauna ba. Mun ɗauki matsakaici mai maɓalli biyu, ƙaramin ruwa da babba, ga gidan da ke dogara da bohol da tankin sama wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Gilashi kuma labulen roba ya maye gurbinsa.

Inda ban ji daɗi ba shi ne kan famfo da 'yar shawar tsarki. Mun ɗauki masu araha da gangan tunda abu ne da ake kwancewa da sifana cikin minti biyar, to amma 'yar shawar ba ta yi ƙarko ba ko kaɗan, maƙunnin ya fara ɗiga, igiyar ta fara tsatsa duk da mai shagon ya rantse min ba ta yi. Na canja ta, ta biyun da ɗan nauyi a hannu kuma har yanzu lafiya. Kan famfon wanke hannu shi ma ƙyallin ya fara dusashewa amma yana aiki. Abin da ya cece mu shi ne filamba ya sa wa kowanne makashinsa a bango, in ɗaya ya lalace ka rufe shi kaɗai ba sai an kashe ruwan gida duka ba. Hajiya dai har gobe butarta take shiga da ita.

An kuma sa mata famfo ɗaya ƙasa-ƙasa da ɗan dakali na zaman alwala, da ragowar bulo da guntayen tayil aka yi shi, sai ƙarfen dafawa a jikin bango kusa da masai. Wannan duk bai ci komai ba amma shi ta fi yabawa.

Hita, mai lita 15 muka sa ba 30 ba. Mutum ɗaya ce, kuma Abuja ba Jos ba ce, in ka cire lokacin hunturu ba kullum ake nemanta ba. Irin wannan tana jan wuta kusan kilowat ɗaya da rabi, duk wanda ke Band A, wato rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, lokacin da aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024 ya san abin da nake nufi, kar ka bar ta a kunne yini guda. Minti ashirin kafin wanka ya isa. A nan ma waya ban yarda an yi tsimi ba, layinta daban daga allon wuta, makunninta a waje da banɗaki, da wayar ƙasa. Ruwa da lantarki ba wajen gwada sa'a ba ne.

Su masu aikin fa? Mai tayil na ba shi cikakken yabo. Yana aiki da igiya da ma'aunin ruwa, ya fitar da gangare kusan santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ka zuba bokiti guda ka ga ruwan ya nufi magudana da kansa ba sai an bi shi da tsintsiya ba. Ka ƙwanƙwasa ko'ina ba ka jin kogo. Filamba ya iya aiki amma alƙawarinsa sai a hankali, in ya ce ƙarfe tara to ka sa ran bayan azahar, kuma ya so ya karɓe kuɗinsa duka tun farko. Kashi uku muka raba, kafin alƙalami, tsakiya, sai ciko bayan gwaji. Da wannan cikon ne kawai na riƙe shi.

Sai ƙananan abubuwan da ba wanda ke sa su a lissafi: kuɗin mota daga kasuwa, masu lodi da saukewa, kwashe ɓaraguzai, abincin ma'aikata, gam, zaren ɗaure famfo, fayafayan yanka tayil, man janareto ranar da babu wuta. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, a haɗe sun kusa cinye abin da muka ware na ko-ta-kwana, kuma mun ware kusan kashi goma sha biyar ne. Wanda bai ware ba a nan aikinsa ke tsayawa, banɗaki a fashe ana bin maƙwabta.

Wannan tsarin na sayen kaya da kanka ya yi wa mai lokaci, ko mai wani tsayayye a gida da zai tsaya kan ma'aikata yana ƙirga katan yana karɓar rasit. In kai ma'aikaci ne da ke fita Kubwa da asuba dan gudun cunkoso ka dawo bayan isha, gara ka ba da kwangila, amma a rubuta maka sunan kowane kaya da adadinsa, kuma ka riƙe kaso mai tsoka sai ka ga gwajin ruwa da idonka. Ƙofa ce kawai ta rage mana, ta katakon ta ruɓe daga ƙasa, ta alminiyom za mu sa in albashi ya shigo.